Baba Yana Jin Wuta da Kunne

Marka ta kwana uku a Gangare,
sanyi ya ratsa bango, ya sauka a ƙashi.
Baba Tsalha na bakin gado cikin bargo biyu.
Idanunsa sun tafi tun bara waccan,
amma murhun da mai walda na Dilimi ya ƙera masa
da rabin ganga da bututu mai huda kwano,
har yau shi ke mulkinsa.
Ni hannu ce kawai.

"Lantana, kwashe tokar jiya tukuna.
Ba a roba ba, a bokitin ƙarfe.
Toka munafuka ce:
fuska fara, ciki ja."

Na kai ta waje na aje kan dutse,
nesa da buhun masara.
Ya ce in ƙwanƙwasa bututu.
Kunkunniya ta zubo kamar garin baƙin tuwo,
ya yi murmushi: "Yanzu maƙogwaronsa ya buɗe."

Na ɗauko itace biyu, ya ce in haɗa su ya ji.
Na farko ya amsa da ƙara, kamar taɓarya a turmi.
Na biyu ya yi gum.
"Wannan ya sha ruwa. Mayar da shi rumfa.
Ɗanye ba ya ba da zafi, sai hawaye."

Ƙirare na jera, na bar musu hanyar iska,
ashana ɗaya, kaina a gefe.
Hannuna ya nufi kwalbar kananzir
don sauri, don yara na rawar ɗari,
sai ya ji ƙarar murfi.
"Aje.
Wutar da aka yi wa gaggawa
gira take fara ci."

Muka jira.
Ta lasa, ta yi shakka, ta kama.

Can da harshen ya kwanta, garwashi ya yi jajir,
ya ɗaga yatsa: "Yanzu take jin yunwa.
Naɗe bakin gyalenki.
Kama marfin da tsumma, buɗe kaɗan,
ƙirga biyar, bari ta ja numfashi,
sannan ki buɗe duka.
Guda biyu sun isa.
Murhu ba rumbu ba ne."

Na sa, na rufe.
Na kori Gambo da ke rarrafowa,
na janye rigar makarantar Asabe
da wani ya shanya dab da ƙarfe.
Ban faɗa masa ba. Ya ce, "Na ji ƙauri."

Dare ya yi, iska ta taso daga Dutse Uku,
na miƙe zan ja taga.

"Bar ta."

Ba da muryar ɗazu ya faɗa ba.

"Zamanin haƙar kuza, a wani bariki bayan Bukuru,
ni da Davou ɗaki ɗaya, tabarma ɗaya.
Ranar ina aikin dare.
Ya shigar da kaskon gawayi,
ya toshe ƙofa da buhu, ya toshe taga da tsumma.
Da asuba na same shi kwance lafiya lau,
hannu ƙarƙashin kunci,
ɗakin da ɗumi,
babu hayaƙi, babu ƙuna, babu wari.
Na yi ta kiransa."

Ruwa na dukan kwano.
Butar shayi ta fara waƙa a kan murhu.

"Wanda ake gani yana sa tari, ka tashi ka gudu.
Wanda ba a gani shi ke shimfiɗa maka barci.
In kai ya sara, in jiri ya zo,
kada ki ce gajiya ce.
Kwashi yara, ku fita, ko cikin ruwa ne."

Na bar tagar, faɗin yatsu huɗu.
Sanyi na shigowa ta nan, siriri,
yana taɓa wuyana.
Ban ƙara itace ba. Na zauna
har ja ya koma fari.

Baba ya kwanta, fuska ga bango.
Na ɗauka ya yi barci,
sai na ji ya ce a hankali,
"Tana buɗe?"

Na ce tana buɗe.